Sa'ad da Jatan Lande Ya Bar Ramin Benet

Litinin, 17 ga Janairu, da yamma

Iskar arewa ta kwanta jiya bayan ta daɗe tana jibgar mu, yau jirage duka suka fita. Na rufe teburin kifina a kasuwa da wuri, na gangara tashar jiragen ruwa in tarbi jirginmu, Roser, mai sunan Mama. Tun daga nesa jikina ya ba ni, don Feliu bai busa ƙaho ba. Ƙanena ne, na san halinsa. In ya samo, sai kurma ma ya ji.

Akwati ɗaya, shi ma bai cika ba. Kifi akwai ɗan abin da ba a rasa ba, amma jatan lande, jajayen da garin nan yake ci yake sha da su, akwati ɗaya. Na ce, "Ina sauran?" Ya ce, "Je ki tambayi teku, Yaya Remei." Ablaye mataimakinsa ya buɗe min tafukan hannu kawai. Sauran jiragen ma haka. A rumfar gwanjo dillalai suka yi cirko-cirko suna kallon juna.

Daga Ramin Benet suka dawo fa. Ramin nan na ƙasan teku da ke ɗauke da sunan kakanmu, wanda tun da nake ban taɓa jin ya kunyata kowa ba.

Baba bai tambaye ni abin da aka kamo ba. Na sami makullin ƙofa a cikin firji. Wataƙila ni na sa.

Talata, 18 ga Janairu, da yamma

Babu.

Alhamis, 20 ga Janairu, da rana

Kowa ya zama malami. Wannan ya ce sanyin ruwa ne, wancan ya ce manyan jiragen baƙi ne suka kwashe a ɓoye. Neus matar Feliu ta ce alhakin wani ne, amma ta ƙi faɗin wa. Masu bincike biyu sun zo daga birni da na'urori, sun bi wani jirgi sun dawo. Yarinyar cikinsu ta ce suna zaton ruwa mai sanyi ne ya gangaro daga tudu ya share ramin, amma ba su tabbata ba tukuna. Aka ce yaushe jajayen za su dawo? Ta ce ba ta sani ba. Ni dai ta burge ni da ta faɗi haka.

Assumpta mai tebur kusa da nawa ta ɗaga murya don kowa ya ji: "Remei, ku kuka kawo mana su, sai ku nemo mana su. Ko kakanki aro ya karɓo, mai abu ya zo?" Na ce, "In aro ne, ke kika fi kowa ci, dubi ƙugunki." Aka yi dariya. Sai ta matso ta rage murya: "Me babanki Baldiri ya ce?"

Na ce Baba mura yake yi.

Juma'a, 21 ga Janairu, da safe

Mura ce kawai. Mai mura yakan rikice.

Lahadi, 23 ga Janairu, bayan cin abincin rana

Feliu da Neus sun zo cin abinci kamar kowace Lahadi. Na yi romon kifi da dankali, ba jajaye a kai. Karo na farko ke nan tun rasuwar Mama.

Baba ya tashi garau. Ya yi aski, ya sa rigarsa mai maɓallan ƙaho, ya zauna ya shiga ba da labarin Benet daga farko: yadda ya zo daga kudu da ƙaramin jirgi da uban bashin taurin kai, yadda masuntan garin suka riƙa yi masa dariya don yana sakin taru a zurfin da suka ce ba abin da ke ciki sai duhu. Ranar da ya jawo jajayen farko ba wanda ya yarda ya saya. Suka ce ƙwarin ruwa ne. Kakarmu ta gasa su a bakin tasha da gishiri tana raba wa mutane kyauta, har fadan coci ya ɗanɗana ya nemi ƙari. Bai manta ko kalma ɗaya ba. Har muryar fadan ya kwaikwaya, Neus ta ƙware don dariya. Na ji zuciyata ta yi sanyi, na ce a raina, Remei, ke ce mai ciwon, ba shi ba.

Sai ya dubi kujerar da ba kowa ya ce, "Ku jira Roser mana. Wace irin tarbiyya ce wannan, ku fara ci uwarku ba ta zauna ba?"

Feliu ya kafe faranti da ido. Neus ta dube ni. Ni kuma na ce, "Ta ce mu ci, Baba." Ban san daga ina maganar ta fito ba.

A kicin na tare Feliu. Ya ce, "Gajiya ce." Na ce gajiyar me, mutumin da yake wuni a kujera? Ya ce, "Jirgin yake nufi." Na ce jirgi ne zai zauna a tebur? Ya ɗauki kwat ɗinsa ya ce shi yana da abin da ya ishe shi.

Gaskiya ne kuwa. Mutum huɗu ke aiki a ƙarƙashinsa, kowa da iyali.

Litinin, 24 ga Janairu, da yamma

Yau ma babu. Jirage biyu ba su ma fita ba.

Talata, 25 ga Janairu, da la'asar

Kawu Isidre ya zo. Shi ne shugaban ƙungiyar masunta, kuma tare suka tashi da Baba tun suna tsintar kaguwa a duwatsu. Na tare shi a bakin ƙofa da tsumman goge-goge a hannu. Ya ce, "'Yata, minti biyu kawai. Matasan nan sun fara maganar a buɗe Bakin Rami."

Bakin Rami wurin ƙanana ne, inda jajaye suke girma. Baba ne ya sa aka hana jefa taru a can tun ina makaranta, bayan ya sha zagi har aka taɓa yanke masa igiyar jirgi. Daga baya kowa ya ce da ma shi ya goyi bayansa.

Na ce yana barci. Daga ciki Baba ya yi tari, ya ƙwala, "Waye?" Na ce mai gyaran famfo ne. Kawu Isidre ya dube ni, ya dubi hularsa, ya ce, "To, a gaida mai murar." Ya juya.

Me ya sa na yi haka? Abokinsa ne. Na tsaya a bayan ƙofa ina jin takunsa, na kasa buɗewa.

Laraba, 26 ga Janairu, da safe

Baba ya tsaya a tsakar falo yana waige-waige. Na ce me kake nema? Ya ce, "Masu gidan nan ina suka sa bayan gida?" A gidan nan aka haife shi.

Alhamis, 27 ga Janairu, da yamma

Ban san ta inda zan fara ba.

Ina kasuwa Assumpta ta shigo da gudu, fuska a washe. "Munafuka! Kin ce mura, ga shi can a shagon kofi na tasha ya tara jama'a kamar ɗan siyasa!" Na bar mata tebur da wuƙa da komai.

Da na isa yana zaune a tsakiya, sandarsa a kan gwiwa, takalmi ƙafa ɗaya na fita, ƙafa ɗaya na ɗaka. Ba wanda ya kalli ƙafar. Matuƙa kusan goma sun kewaye shi. Muryarsa ta da ce, wadda take sa mutum ya miƙe zaune. Yana cewa, "Ba su mutu ba, ƙaura suka yi. Ku fita ku daidaita hasumiyar coci da tsagar dutsen bayan gari, ku miƙe gabas har fitilar tasha ta ɓuya. Can ne. Ubana ya nuna min da yatsa."

Wani ya ce, "Amma Baba Baldiri, ba wanda ya taɓa jefa taru a can." Ya ce, "Shi ya sa suke can, sakarai." Shago ya ɗauki dariya da tafi. Na ga mutanen da suka yi kwana da kwanaki ba su yi murmushi ba suna bubbuga tebur.

Kawu Isidre yana gefe, bai yi dariya ba.

Na kama hannun Baba muka taho. A hanya ya ce, "Kin ga yadda ake magana da maza?" Na ce na gani. Ya kira ni da sunana. Remei. Ya kwana biyu bai kira ba.

To idan gaskiya ya faɗa fa? Mutum zai iya manta ɗakin gidansa ya tuna ƙasan teku? Shekarun da ya yi a kan ruwa sun fi waɗanda ya yi a ɗakin nan yawa. Ni ban sani ba. Wallahi ban sani ba.

Asabar, 29 ga Janairu, da rana

Na sami Feliu a kan Roser suna ƙara tsawon igiyar ƙarfe shi da Ablaye. Jirage huɗu za su tafi jibi.

Na ce, "Feliu, ranar Laraba ya tambaye ni ina bayan gida yake."

Bai ɗago ba. "Gida daban, teku daban."

"In kuma ya haɗa wuri da wuri fa?"

"To ki ba ni wani wurin. Kina da shi? Faɗi, ina ji." Ya miƙe yana goge hannu. "Ke kifi kike yankawa, Yaya. Ni nake kallon idon mutanen nan kowace yamma."

Na ce to bari in je in gaya wa Kawu Isidre halin da ake ciki. Ya ce, "Ki gaya masa me? Ki tsaya a tasha ki ce Baldiri ɗan Benet ya..." Bai ƙarasa ba. Ni ma ban ƙarasa masa ba.

Ablaye ya raka ni har kan gaɓa. Ya ce, "Anti, zan sa ido." Shi kaɗai ne ya dube ni sosai.

Ban je wurin Kawu Isidre ba.

Lahadi, 30 ga Janairu, da yamma

Na je coci. Na kunna kyandir, na rasa abin da zan roƙa. A samu? Kada a tafi? Na tsaya har ya ɗiga min a yatsa.

Litinin, 31 ga Janairu

Feliu. Asibiti, a birnin Girona. Ba zan iya ba yau.

Laraba, 2 ga Fabrairu, da safe

Abin da Ablaye ya gaya min ke nan, in rubuta ko zai zauna a kaina.

Sun isa wurin, suka saki taru. Ba a jima ba jirgi ya tsaya cak kamar an riƙe shi ta baya. Taru ya kama wani abu a ƙasa. Feliu ya bar sitiyari ya koma baya wurin injin ja don ya sassauta. Igiyar ƙarfe ta tsinke. Ablaye ya ce bai ga komai ba, ƙara kawai ya ji, sai ga Feliu zaune a ƙasa yana kallon hannunsa na dama kamar na wani. Shi ya ɗaure masa da bel, shi ya kira a rediyo, shi ya tuƙo Roser gida bayan jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke shi.

Jirgin surukin Kawu Isidre ma ya bar tarunsa a can gaba ɗaya. Sauran biyun suka juyo.

Ko jajaye ɗaya ba a gani ba.

Feliu yana raye. Wannan nake ta maimaitawa. Yana raye, yana magana, ya ma nemi sigari.

Alhamis, 3 ga Fabrairu, da la'asar

Bandejin hannun Feliu ya ƙare a inda bai kamata ya ƙare ba, an yanke. Na yi ta kallon taga.

Neus ta biyo ni har bakin lif. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce, "Kin sani." Na ce na san me? Ta ce, "Ke kike kwana gida ɗaya da shi. Ke kika ce ta ce mu ci." Na ce ai ke ma kina teburin. Ta ce, "Ni suruka ce. Wa zai ji tawa?" Lif ya buɗe, ya rufe, ba wadda ta shiga.

Na gaya wa Feliu ai. Na gaya masa ko ban gaya masa ba? Na ce bayan gida. Wannan ya isa gargaɗi? Ina ta juya maganar ranar Asabar, kowane juyi sai ta fito daban.

Asabar, 5 ga Fabrairu, da rana

Ban yi niyyar gaya wa Baba ba. Shi ya tambaya, yana shafa tumatir a burodi: "Ina yaron nan? Ya daina zuwa gaishe ni." Na ce ya ji rauni a jirgi, taru ne ya kama. Ya ce a ina? Na faɗa masa, da kalmominsa: hasumiya, tsagar dutse, gabas.

Ya ajiye burodin. Fuskarsa ta yi ja.

"Wane mahaukaci ne ya kai shi can? Akwai nutsattsen jirgi a wurin tun zamanin yaƙi! Ubana ya nuna min da yatsa, ya ce ko yunwa za ta kashe ka kada ka saki taru a nan. Wa ya aike shi? Gaya min sunansa!"

Yana buga tebur, cokula suna tsalle. Na ce ban sani ba, Baba. Ya ce, "Ki bincika. Mutumin nan ya cuce mu."

Na shiga kicin na buɗe famfo don kada ya ji ni. Da na fito ya cinye burodin, yana tambaya ko yau Lahadi ce.

Litinin, 7 ga Fabrairu, da yamma

Na buɗe tebur. Wasu sun saya, wasu sun wuce kamar ba su gan ni ba. Matar surukin Kawu Isidre ta tsallaka ɗaya layin. Assumpta ba ta tsokane ni ba ko sau ɗaya, wannan ya fi komai ciwo. Da zan tashi na ga ta sa min tukunyar wake da tsiran alade a ƙarƙashin tebur. Na ce na mene ne? Ta ce, "Ya yi gishiri, na rasa wanda zan cuta."

Jajaye babu.

Talata, 8 ga Fabrairu, da safe

Na kulle shi ta waje kafin in fita. Ubana. Na tsaya a matakala ina jin yana murɗa hannun ƙofa a hankali, ba faɗa, ba kira.

Alhamis, 10 ga Fabrairu, da rana

Na kai Baba wurin likita. Na ce masa don murar ce. Ta tambaye shi wace shekara muke, ya ce ita ba ta da kalanda ne? Ta ba shi takarda ya zana agogo. Ya daɗe yana riƙe da biro. Mutumin da yake zana gaɓar nan tun daga nan har iyakar Faransa a bayan kwalin sigari. Ya tura takardar ya ce biron ba ya yi.

Ta faɗi sunan abin. Ba zan rubuta shi ba. Ta ce tun yaushe na lura? Na ce watan jiya. Ta sake tambaya. Na ce ko bara. Ta ce, "Wa yake taimaka miki?" Na yi dariya, ban san dalili ba.

A mota ya ce likitar tana da hankali, in nema wa Feliu ita.

Asabar, 12 ga Fabrairu, da yamma

An sallamo Feliu. Yana koyon riƙe cokali da hagu, miya tana zuba, Neus tana yi kamar ba ta gani ba. Na zauna a bakin gado. Mun yi maganar ruwan sama, mun yi maganar ƙwallo. Da zan tafi ya ce, "Kin faɗa min." Na ce ban faɗa yadda ya kamata ba. Ya ce, "Ko da kin rubuta a goshina da zan tafi." Sannan ya ce, "Kada ki kawo shi tukuna. Ba fushi nake ba. Ban dai san inda zan sa idona ba."

Ban san ko sauƙi na ji ko nauyi ba.

Talata, 15 ga Fabrairu, da safe

Gobe taron ƙungiya a kan Bakin Rami. Kujerar jirginmu Roser ba mai zama. Feliu ya ce in je. Ni? A taron nan mace ba ta wuce kawo kofi.

Laraba, 16 ga Fabrairu, da yamma

Na je.

Ɗakin sama na rumfar gwanjo ya cika, hoton Benet yana bango da hularsa a karkace. Matasa suna cewa a buɗe, 'ya'yansu ba za su ci doka ba. Manya suna cewa in aka kwashe ƙanana an gama da garin. Sai wani daga baya ya ce, "Wanda ya kafa dokar ai shi ya tura mu kan ƙarfe. Da gangan ko da wasa, a tambaye shi. Ko wurin kirkin ya ɓoye mana don ɗansa ne abin ya juye?" Aka yi caa.

Ban san na miƙe ba sai da na ji kujera ta faɗi a bayana. Na ce, "Ubana ba shi da lafiya. Ba mura ba ce. Kansa ne. Ya manta uwata ta rasu, ya manta ɗakunan gidansa, ya manta shi ya aike ku. Wurin da ya ba ku, wurin da ubansa ya hana shi ne, ya juya masa. Na sani kafin ku tafi, ban faɗa ba." Na faɗi sunan abin ma, da bakina, a gaban hoton. Muryata kamar ta wata.

Na jira a zage ni. Ba a zage ni ba.

Kawu Isidre ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce, "'Yata, mun sani."

Na ce kun san me?

"Tun bikin jirage na bara. Ya kira ni da sunan mahaifina, ya tambaye ni ko na sayar da alfadarin. Rabin ɗakin nan suna wurin." Ya dubi jama'a, ba wanda ya musa. Wanda ya yi maganar daga baya ya sunkuyar da kai.

Na ce, "To don me kuka bi shi? Takalminsa ma ba iri ɗaya ba ne ranar!"

Ya ce, "Na ga takalmin." Ya mayar da tabarau. "Tun muna samari in abu ya rikice gidanku ake dubawa. Ba mu iya wani abu ba. Ya yi magana da muryar nan, muka so ya zama gaskiya. Ni ya kamata in hana, na yi shiru. Kada ki ɗauka ke kaɗai."

Aka kaɗa ƙuri'a. Ban iya tuna ɗaga hannuna ba, amma Ablaye ya ce na ɗaga. Bakin Rami zai ci gaba da zama a rufe, da ƙyar. Wasu sun fita suna zage-zage, ɗaya ya ce zai sayar da jirginsa kafin bikin Ista.

Na sauko. Shekara guda ina tare ƙofa, ina ƙaryar mai gyaran famfo, ashe gari duka yana taya ni. Haushi nake ji ko kunya ko godiya? Duka suna nan, sun ƙi jeruwa.

Juma'a, 18 ga Fabrairu, da safe

Ban kulle ƙofa ba. Kawu Isidre ya zo da kati ya zauna da shi. Na jiyo su daga matakala, Baba yana cewa, "Kai ɗan wa ne? Kana cuta kamar wani abokina."

Litinin, 21 ga Fabrairu, da yamma

Ablaye ya fita da Roser, da yardar Feliu. Kifi kawai suka nema kusa da gaɓa. Ya isa a biya mai, in ji shi. Neus ta turo min da kek ta hannun maƙwabciya, ba saƙo. Na ci.

Masu binciken sun dawo. Yarinyar ta ce a wasu wurare an ga jajayen sun dawo bayan shekara biyu ko uku. A wasu wurare fa? Ta ɗaga kafaɗa. Shekara biyu. Wa zai rage a tashar nan? Wa zai rage a gidan nan?

Alhamis, 24 ga Fabrairu, da faɗuwar rana

Rana ta fito yau, na sa wa Baba kwat da takalma iri ɗaya, muka gangara tasha lokacin dawowar jirage. Na daɗe ban fita da shi da rana a gaban mutane ba. Duk wanda muka wuce sai ya taɓa hula: "Baba Baldiri." Yana amsawa da kai kamar bishop.

Feliu yana can zaune a kan tulin taru, hannun a cikin kwat. Ban san zai zo ba. Na so in juya, amma ya riga ya gan mu. Ya taso. Baba ya dube shi sama da ƙasa, ya dubi hannun rigar, ya ce, "Igiya ce?" Feliu ya ce igiya ce. Baba ya ce, "Ta ci mutanen kirki da yawa. Zauna, ɗana, kada ka tsaya." Kowa yake ce wa ɗana, ban san wanne yake nufi ba. Feliu ya zauna kusa da shi, kafaɗa da kafaɗa, suna kallon Roser tana shigowa.

Ba jajaye. Ba wanda ya tambaya ma.

Da sanyi ya fara sauka na ce mu tafi. A kan hawa ya tsaya ya huta, ya riƙe hannuna, ya leƙa fuskata da ladabi irin na baƙo.

"Yarinya, kina da kirki. Ke 'yar wa ce?"

Na ce, "'Yar Baldiri ce, ɗan Benet."

Fuskarsa ta haskaka. "Baldiri! Na san shi sarai. Yana nan kuwa?"

Na ce yana nan.

"To ki gaishe shi. Ki ce masa ya riƙa fitowa, mutane suna nemansa."

Na ce zan gaya masa. Muka ci gaba da hawa.